Wata Uku a Lissafina

Litinin, 7 ga Oktoba, 7:15 na safe

Saura kwana talatin da uku. Na sake lissafawa a kalandar kicin. Ranar Juma'a 9 ga Agusta na saki Salwa, saki ɗaya. Idda wata uku, ke nan 9 ga Nuwamba. Kafin ranar, kalma ɗaya ta ishe ni in mayar da matata. Bayan ranar sai sabon aure, idan ta yarda.

Shekara ashirin ina aikin jarida, kuma tambayoyin da aka koya mini su nake bi: wa, me, yaushe, a ina. Na amsa su a sama. Ta biyar, me ya sa, ba zan amsa ta a nan ba.

Tana Rillieux-la-Pape, bayan garin Lyon, gidan ƙanwarta Raliatou, tun kwana biyu da faruwar abin. Ni ina nan Paris. Ba ta kira ba. Ban kira ba.

Jiya otal na farko ya aiko imel yana ɗokin zuwanmu. Na manta da tafiyar sam. Salwa ce ta tsara ta tun sanyin bara, don cikarmu shekara goma sha biyu da aure: kwana goma sha huɗu, garuruwa shida a Spain da Portugal. Aikinta zanen gyaran tsofaffin gine-gine ne, saboda haka ta kafa doka ɗaya, ba za mu kwana a ginin da bai kai shekara ɗari huɗu ba. Ita ta zaɓi otal-otal ɗin, ni na kama ɗakunan da adireshina.

Talata, 8 ga Oktoba, 1:30 na rana

Raliatou ta kira ina tsakiyar cin abinci a ofis.

"Mijin Yaya. Ko tsohon mijin Yaya? Wanne ake ce maka yanzu?"

"Rali, ina wuni."

"Lafiya lau. Bon, ba zan ci maka lokaci ba. Yaya ta ce za ta yi tafiyar. Ni zan raka ta, na ɗauki congé a asibiti, hutun mako biyu. Ka cire sunanka a otal-otal ɗin ka sa nawa, tunda komai a mail ɗinka yake."

Na ce mai idda ba ta yawon buɗe ido.

"Mai idda kuma a ɗakin mijinta take zama. Ranar da ta ja valise ɗin kayanta har bakin ƙofa, ka hana ta?"

Na ce ta turo mini lambar fasfo ɗinta.

Laraba, 9 ga Oktoba, 8:00 na safe

Imel shida. Granada, Úbeda, Córdoba, Carmona, Évora, Lisbon. "Saboda wani dalili na iyali, baƙo na biyu ya canja." Na gyara jimlar sau huɗu kamar wani zai buga ta. Na roƙi gado biyu maimakon ɗaya.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Bayan sallar Juma'a na tsaya shagon Malam Daouda a unguwar Goutte d'Or. Mutumin Maraɗi ne, wayoyi da layuka yake sayarwa, kuma shi kaɗai na faɗa wa maganar sakin da bakina. Ya ba ni kujera tsakanin kwalaye.

"Har yanzu ba ka maishe ta ba?"

Na ce gobe za ta tashi zuwa Spain. Sai ta dawo, mu zauna ido da ido.

"Mi ya hana ka yanzu? Ga waya cike da shago. Ni shaida, ga maƙwabcina mai nama shaida. Ka ce na maida ke, shi ke nan, kowa ya tahi harkarsa."

Na ce ba zan mayar da mace ta waya ba kamar mai sabunta rajistar wutar lantarki. Kuma akwai lokaci, har 9 ga Nuwamba.

"Wa ya ba ka wannan ranar?"

"Kalanda."

Ya yi dariya, ya buɗe baki zai yi magana, sai wata mata ta shigo da wayar da ta faɗa cikin tukunyar miya tana neman a ceto hotunan jikanta. Ƙarfe uku nake da shiri a sutudiyo. Na ɗaga masa hannu na fita.

Abin da ban faɗa masa ba: idan na zauna da ita ido da ido, maganar ambulan ɗin asibitin nan da na ɓoye ce za ta fara zuwa. Yana nan a durowar da ta same shi. Fasfo ɗina take nema ranar, don ta duba ko wa'adinsa zai kai Oktoba.

Asabar, 12 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Sun sauka Granada. Otal ɗin ne ya faɗa mini, da imel mai cewa barka da zuwa, ga lambar intanet ɗin ɗakinku.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 6:10 na yamma

Hajiya, mahaifiyata, ta kira daga Zariya, kamar kowace Lahadi. Mun yi gaisuwa, ta ba ni labarin ƙafarta da na wanda ya rasu a unguwa. Daga nan ta zo inda take zuwa kullum.

"Ka daina damun kanka, ɗan nan. Shekara goma sha biyu ka yi haƙuri. Ba wanda zai ga laifinka. Namiji ya zauna da juya tsawon wannan lokaci, ai ka yi abin da za ka iya."

Na ce, "Hajiya, ana kiran salla a nan."

Ba a kiran salla a titinmu. Ba a taɓa yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, 7:50 na yamma

Yau ce ranar cikarmu shekara goma sha biyu da aure. Na manta cewa lokacin da na kama ɗakin Granada na cika wani gurbi da ke tambayar ko akwai abin murna. Su ba su manta ba. Raliatou ta turo hoto: gado biyu, an watsa jajayen furanni a kai, ga kwalbar giya cikin bokitin ƙanƙara, ga kati mai sunana da na Salwa. Sai saƙon murya ya biyo baya.

"Yaya Mika, franchement, ka burge ni. Shekarata talatin da huɗu ba wanda ya taɓa watsa mini fure sai kai, kuma kana Paris. Giyar mun mayar musu, sun ba mu ruwan lemo. Wurin nan kuwa tsohon gidan zuhudu ne, a cikin ganuwar fadar sarakunan da kanta. Tsakar gidan akwai ruwa yana gudu a wata 'yar kwata ta dutse. Yaya ta tsuguna a kai tun hantsi tana zane. Ni dai yunwa nake ji. Kowane gidan abinci ka shiga, cinyoyin alade ne a rataye saman kanka kamar wanki. Kifi da ƙwai, kifi da ƙwai."

Ban tambaye ta abin da Salwa ta yi da katin ba.

Talata, 15 ga Oktoba, 7:00 na safe

Saura ashirin da biyar. Úbeda yau. Ban kira ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, 8:30 na yamma

Littattafai huɗu na karanta saboda tafiyar nan, har da alƙalami a hannu. Na yi niyyar in riƙa yi mata bayani muna tafe: wa ya gina, wa ya ƙwace, wace shekara. Suna nan kan teburin gefen gado da 'yan takardu masu launi a tsakaninsu.

Da rana na kasa daurewa. Na rubuta wa Raliatou doguwar wasiƙa kan babban masallacin Córdoba, yadda aka yi ta faɗaɗa shi, yadda ya koma coci, ginshiƙansa sama da ɗari takwas, da abin da ya kamata su duba idan sun shiga gobe. Sakin layi biyar.

Amsa ta zo bayan awa ɗaya: "Yaya ta ce a gode wa gidan rediyo."

Alhamis, 17 ga Oktoba, 1:15 na rana

A taron safe na mayar wa wani abokin aiki labarinsa saboda mutum ɗaya kawai ya ji daga bakinsa. Na ce majiya ɗaya ba majiya ba ce. Na faɗa da ƙarfin da bai kamata ba. Edita ta kira ni gefe ta tambaye ni ko ina son hutun kwana biyu. Na ce a'a. Hutu ma ai na riga na mayar musu, na mako biyu.

Na gaji. Ba wani aiki na yi ba.

Alhamis, 7:40 na yamma

Hotuna goma sha ɗaya daga Córdoba. Ginshiƙai, bakan gini ja da fari, itatuwan lemo a harabar. A na takwas akwai Salwa daga baya, ta ɗora tafin hannu a kan wani ginshiƙi, kanta a ɗage. Ta rame. Ko kuma rigar ce.

Raliatou ta ce awa biyu suka yi a ciki. Da suka fito Salwa ta ce kawai, "Wanda ya auna wannan bai yi gaggawa ba."

Asabar, 19 ga Oktoba, 11:00 na safe

Carmona. Tsohuwar ganuwa a kan tudu, ana hango gonaki har iyakar ido. Saƙon Raliatou na yau duk kan buta ne. Ta zo da butarta ta roba mai ratsin kore tun daga Lyon, kuma a hannu take riƙe ta saboda jaka ta cika.

"Ka ga mutumin da ke karɓar baƙi, da kwat da komai, ya karɓe ta da hannu biyu ya ɗora a keken kaya saman valise. Ya ce, Señora, tulun shayinki. Na ce oui, na shayi ne. Yaya ta yi dariya har ta zauna a kan matakala."

Na saurari wurin sau uku. Ba a jin dariyar a saƙon. Labarinta kawai.

Na wanke kwanuka. Na goge firij. Ban kira ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Sun shiga Portugal da motar haya, Raliatou ke tuƙi. Évora. Wannan karon ba saƙo ba ne, kira ta yi, kuma ba ta tsokane ni ba.

Ta ce otal ɗin shi ma gidan zuhudu ne a da, ɗakunan su ne ɗakunan masu ibadar, ƙofa gajeriya sai ka sunkuya. Ta ce akwai ginshiƙan Rumawa a tsaye a ƙofar gidan. Sai ta ce:

"Yaya Mika, ba ka da abin da za ka ce mata? Ga ta nan kusa da ni. Na sa haut-parleur, tana jin ka."

Na ji ƙarar cokali a jikin kofi. Na ji ƙararrawar coci daga nesa.

Na ce, "Ki gaishe ta. Za mu yi magana idan kun dawo."

"Idan mun dawo."

"Eh. Akwai lokaci."

Cokalin ya daina. Raliatou ta ce to, sai an jima.

Hajiya ta kira bayan nan. Ban ɗauka ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, 7:10 na safe

Saura goma sha tara.

Talata, 22 ga Oktoba, 2:00 na rana

Otal ɗin Évora ya aiko cewa baƙin sun ƙara kwana ɗaya, na Lisbon kuma ya aiko cewa an rage ɗaya. Na kira Raliatou.

"Lafiya?"

"Lafiya. Ciwon mara ne irin na mata. Na je pharmacie na dawo, tana kwance."

"In kira likita ta otal ɗin?"

"Ni ce infirmière, Yaya Mika, jinya aikina ne. Ba komai. Ya wuce."

Na ce Allah ya sauwaƙe. Ta ce amin, ta kashe.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Ba hoto. Ba saƙo. Otal ɗin Lisbon ya ce sun iso jiya. Tsohuwar fada ce mai bango da tayil shuɗi, na gani a shafinsu. Na kalli ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ina ƙoƙarin gane nasu.

Juma'a, 25 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Na yi salla a wani masallacin daban don kada in bi ta shagon Malam Daouda.

Asabar, 26 ga Oktoba, 7:20 na yamma

Sun koma Lyon, in dai jirgin ya tashi kan lokaci. Otal shida sun aiko mini takardar jin ra'ayi. Yaya kuka ga ɗakin, yaya karin kumallo, za ku sake dawowa? Tauraro ɗaya zuwa biyar.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 9:00 na safe

An mayar da agogo baya da awa ɗaya. Na tashi da wuri ban san abin da zan yi da ita ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, 1:00 na rana

Saura goma. Na rubuta abin da zan faɗa. Da farko shafi biyu ne, na rage ya koma ɗaya, na rage ya koma jimla uku. Ta farko ita ce ta komen. Ta biyu ban haƙuri. Ta uku ta shafi ambulan, kuma ita ce nake ta sharewa ina mayarwa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Hutu ne, gari shiru. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na gobe, ƙarfe tara. Na rubuta wa Raliatou cewa ina zuwa. Ta amince da kalma ɗaya: "D'accord." Na aske gemu. Na goge riga biyu na kasa zaɓa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 6:40 na yamma, cikin jirgin komawa

Zan rubuta shi a jere, yadda ya faru.

Na sauka tashar Part-Dieu a Lyon sha ɗaya da 'yan mintoci, na hau bas zuwa Rillieux. Hawa na takwas. Raliatou ta buɗe ƙofa ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya hanya, ya aiki, ya sanyi. Ba ta taɓa yi mini haka ba. Ta kai ni falo, ta kawo ruwa a faranti da kofi a kife, ta bar ƙofar falon a buɗe, ta zauna a teburin cin abinci inda take ganina.

Salwa ta shigo da hijabi har gwiwa, da safa a ƙafa. Shekara goma sha biyu ban taɓa ganinta haka a cikin gida ba. Ta zauna a kujerar da ta fi nisa. Na lura da duk wannan, na ɗauka fushi ne.

"Malam Mika'il, an zo lafiya?"

Na ce lafiya. Na tambayi tafiya, ta ce alhamdulillahi. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Sai na faɗi jimla ta farko.

"Na zo ne in mayar da ke ɗakinki."

Ta dubi Raliatou, sannan ta dube ni.

"Iddata ta cika."

"Saura kwana bakwai."

"A lissafin wa?"

Na ce 9 ga Agusta zuwa 9 ga Nuwamba, wata uku. Har na fara ƙirgawa da yatsu. Ta bar ni na gama.

"Tsarki uku ne, ba wata uku ba. Wanda ka sake ni a cikinsa shi ne na farko. Ba a kalanda ake gani ba, a jikina ake gani. Ta cika ranar Talata da safe, a Évora."

Na san wannan. Abin da ya fi ci mini rai ke nan a yanzu da nake rubutawa. An koya mana a Islamiyya ina ɗan shekara goma sha uku, muna sunkuyar da kai muna dariya. Amma kowa wata uku yake cewa, kuma wata uku ana iya zana masa da'ira a bango.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In kira ka in ce ka yi sauri?"

Na dubi kofin da ke kife a faranti.

"Na san kwanan ya matso tun muna Carmona. Lahadi da Litinin ban fita ko'ina ba. Rali ita kaɗai ta je ta ga garin. Ina zaune a ɗakin nan, taga ɗaya, kaurin bangon mita ɗaya da santi goma, na auna shi sau nawa ban sani ba. Wayata a cinyata. Hotunan da Rali ta riƙa aiko maka tun daga Granada, ka ɗauka ita ke zaɓa?"

Raliatou ta tashi ta shiga kicin, ta kunna famfo, ta dawo ta zauna.

Na ce a takardun mairie, ofishin da ke ɗaura auren hukuma a Faransa, har yanzu matata ce. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

"To ka je mairie su dafa maka abinci."

Wannan ne kaɗai wurin da muryarta ta tashi. Sai ta gyara zama.

Na faɗi jimla ta biyu. Ta ce ta ji. Na tambaye ta me zan yi.

"Hajiyarka ta kira ni makon da ya wuce, muna Lisbon. Ta ce kada in riƙe komai a raina, abu ne na Allah, ita ta yafe mini. Ta yafe mini, Malam Mika'il. Na ce mata na gode."

Jimla ta uku tana aljihuna. Ban fito da ita ba, domin ba Salwa ce ke bukatar jin ta ba. Ita ta riga ta karanta asalin takardar.

Raliatou ta raka ni har lif. Ta ce, "Na sa maka haut-parleur, Yaya Mika. Me kuma kake so in yi?"

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 5:00 na yamma

Ban jira kiran Hajiya ba, ni na kira. Na ce ta sallami masu zaune da ita. Na ɗauko ambulan ɗin na karanta mata takardar gwajin haihuwar, ina fassarawa layi bayan layi, yadda nake fassara sanarwar hukuma. Na karanta sunan da ke sama, nawa. Na karanta layin da ya ce matsalar daga wurina take. Na karanta kwanan watan da ke jiki, shekara uku da suka wuce.

Ina jin kaji a tsakar gida.

"Ita ta sani tun lokacin?"

"A'a. A watan Agusta ta gani."

"Kai ka sani. Kana ji ina aika mata da rubutu da saiwoyi. Kana ji ina ce mata..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Da ta gani kuma sai ka sake ta."

"Eh, Hajiya."

"Zan kira yarinyar nan. Kai kuma kada ka kira ni sai na neme ka."

Litinin, 4 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Na tambayi limamin masallacinmu bayan azahar, a matsayin tambayar wani abokina. Na tambayi Malam Daouda a matsayin kaina. Duk biyun abin da Salwa ta faɗa suka faɗa, kuma maganar mace ce abin karɓa a wannan. Malam Daouda bai ce ai na gaya maka ba. Ya aika aka kawo mini shayi, ya ci gaba da kwance wata waya.

Litinin, 7:15 na yamma

Na rubuta wa Salwa cewa na yi magana da Hajiya. Ta amsa:

"Ta kira ni. Mun yi kuka. Na gode. Amma wannan haƙƙina ne dama, ba sadaki ba ne."

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 5:50 na yamma, Lyon

Na sake zuwa, wannan karon unguwar Minguettes, wurin Baffa Bouba, ƙanen mahaifinta. Shi ya ba ni aurenta a karon farko. Ya yi ritaya daga tuƙin bas, yana zaune hawa na goma sha ɗaya da tsuntsaye biyu a keji. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa, ya ce in hau kujera, na ƙi.

Na ce na zo neman auren Salwa.

Ya cire tabarau ya goge. "Mika'ilu, furfura a gemunka, ka zo neman aure. Wacce ka nema a da ina ka kai ta?"

Na faɗa masa komai, har da takardar. Karo na biyu ya fi na farko sauƙin faɗa, kuma hakan bai yi mini daɗi ba.

Ya ce, "A da ni aka tambaya, na tambaye ta don cika al'ada. Yanzu bazawara ce, maganar tata ce ɗungurungum. Ni ɗan aike ne. Zan je in same ta, in kawo maka abin da ta ce. Ba zan ƙara gishiri ba, ba zan rage ba."

Matarsa ta sa na ci shinkafa kafin in tafi. Na ci don kada in yi musu.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 9:30 na safe

Ban ji komai ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Hajiya ba ta kira ba. Ban ji komai daga Lyon ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 4:20 na yamma

Baffa Bouba ya kira. Mun yi gaisuwa mai tsawo, har tsuntsayensa na tambaya.

"Na je. Mun zauna da ita awa ɗaya. Ta ce a gaishe ka, ta ce ba ta riƙe ka da komai ba. Maganar aure kuma ta ce a'a."

"A'a yanzu, Baffa, ko a'a?"

"Kai ne ɗan jarida, Mika'ilu. Ni abin da aka ce mini na faɗa maka."

Na ce na gode da wahalar da ya yi. Ya ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Na ce amin.

Ta ce a'a. Majiya ɗaya ce, amma ba zan nemi ta biyu ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 7:30 na safe

Sanyi ya sauka sosai. Raliatou za ta zo ranar Asabar ta ɗauki rigunan sanyin Salwa. Na haɗa su cikin akwati biyu. Na duba aljihunan kafin in ninke, kamar yadda take yi, na sami tikitin metro da rabin fensir. Na mayar da su inda suke.